Yadda ake jera sunayen 'yan takara a zaɓen ƙungiya ba tare da takarda ta fifita kowa ba

Duk kwamitin da aka ɗora wa shirya zaɓen ƙungiya, ta 'yan kasuwa ce ko ta tsofaffin ɗalibai ko ta direbobi, yakan kwashe makonni ana ja-in-ja kan kuɗin fom, da wanda ya cancanci kaɗa ƙuri'a, da wanda zai kwana da makullin akwati. Sai ana gobe zaɓe a tura sakatare shagon kwamfuta. Yaron da ke bugawa ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, sunan wa zan fara sawa?" Sakatare ya ce, "Sa su yadda suke a takardar nan kawai." Da wannan 'yar amsar an riga an yi wa wani kyautar ƙuri'un da bai nema ba, kuma babu wanda zai taɓa kawo ƙorafi a kai, don babu wanda ya gani.

Ba camfi ba ne. A 1998 Joanne Miller da Jon Krosnick sun fitar da bincike kan zaɓen 1992 na jihar Ohio ta Amurka, inda doka ta sa ake sauya jerin sunaye daga wannan rumfa zuwa waccan, don haka ana iya kwatanta abin da mutum ɗaya ya samu yana sama da abin da ya samu yana ƙasa. Cikin takara 118 da suka duba, a kusan rabi gurbin suna ya yi tasiri, kusan kullum wanda ke sama ne ya amfana, da ƙarin kimanin kashi 2.5 cikin ɗari. Kamar ba yawa. Amma a ƙungiya mai mutum 240 ƙuri'a shida ke nan, kuma wanda ya taɓa zama a wurin ƙirga ya san kujeru nawa ake ci da ratar da ba ta kai shida ba.

Dalilin ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Mai zaɓe yana fara karatu daga sama da sabon kai. Sunan farko shi ne ke samun cikakken tunaninsa, yana laluben dalilin da zai sa ya zaɓe shi, in ya samu ko guda ɗaya, sauran sunayen sai su zama masu neman ture wanda ya riga ya zauna. Kafin ya kai na biyar ya gaji, ga layi a bayansa, ga la'asar ta gabato. Kuma in ka tambaye shi zai rantse maka cancanta ya bi. A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson sun ba da labarin yadda suka shimfiɗa safa ƙafa huɗu iri ɗaya sak a wani kanti, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Wadda ke ƙarshen dama ta fi ta ƙarshen hagu samun masu so kusan ninki huɗu. Mutane suka riƙa yabon laushi da saƙa, da aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne ya ja su, sai suka musanta.

Mataki na farko: ku gano kujerun da abin zai fi shafa

Ba kowace kujera ce ke cikin haɗari ɗaya ba. Kujerar shugaba kowa ya zo da sunan gwaninsa a zuci, ko a bayan takarda aka rubuta shi zai juya ya nemo. Miller da Krosnick sun ga tasirin ya fi ƙarfi inda babu alamar jam'iyya kusa da suna, inda ba a yi ta yayata takarar ba, da inda babu mai riƙe da kujera cikin masu nema. Wannan shi ne hoton zaɓen ƙungiya daga mataimakin sakatare zuwa ƙasa: ma'aji, sakataren kuɗi, mai binciken kuɗi, jami'in walwala. Ga abin takaici, su ne kujerun da kuɗi ke bi ta hannunsu, kuma su ne waɗanda mutum ke dangwala wa na sama don ya gama ya tafi.

Ku zauna ku rubuta kowace kujera da yawan masu nemanta. Inda mutum uku ko fiye ke nema kuma akasarin membobi ba su san su sosai ba, nan za ku fi zuba ƙarfi.

Mataki na biyu: ku ajiye hanyoyi ukun da aka saba

Ta farko ita ce bin haruffan abacada. Tana da kamar adalci domin ba mutum ne ya tsara ba, amma a ƙasar Hausa dubi waɗanda take ɗagawa: Abubakar, Abdullahi, Adamu, Aliyu, Aminu, A'isha, Amina. Yusuf da Zakari da Zainab tun daga rajistar firamare suke ƙasa, kuma nan za su tabbata. In kuma aka haɗa da laƙabi abin ya ƙara lalacewa, domin Alhaji da A yake farawa, Malam kuwa sai an gangara. A Ostireliya haka ake jera 'yan takarar majalisar wakilai har zuwa 1984. Can zaɓe dole ne, kuma ana sa wa kowane suna lamba, sai wasu su bi daga sama zuwa ƙasa 1, 2, 3 ba tare da sun duba ba. Har suna suka sa wa wannan, wai ƙuri'ar jaki. Daga 1984 suka koma ƙuri'ar sa'a.

Ta biyu ita ce fara sa mai riƙe da kujera, ko wanda ya fi shekaru. Mai kujera dama ya fi kowa sanuwa, sai kuma a ƙara masa da saman takarda. Kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta soke wannan tsari a 1975. A jihar Florida kuwa doka ta ba jam'iyyar gwamna saman takarda, shi ya sa a zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2000 sunan George W. Bush ne a farko, lokacin ƙaninsa Jeb ke gwamna, kuma da ƙuri'a 537 aka ce ya ci jihar. Ba zan ce saman takarda ne ya ba shi ba, abubuwa da yawa sun haɗu a zaɓen nan, amma rata irin wannan ba ta jure ko ƙaramin alfarma.

Ta uku ita ce wanda ya riga sayen fom. Wannan tana saka wa mai kuɗi a hannu da wanda ke da ɗan'uwa a kwamiti da zai tsegunta masa ranar da za a fara sayarwa.

A nan za ku gamu da matsalar da littattafan Turawa ba su san da ita ba. Wani dattijo zai ce ba a kyauta masa ba, an sa sunansa ƙarƙashin na yaron da aka haifa a gabansa. Kada ku yi masa gardama a bainar jama'a. Shugaban kwamiti ya same shi a gida tun kafin a buga komai, ya ce, "Baba, mun san girmanku ba a takarda yake ba. So muke in kun ci, kada wani ya samu bakin cewa kwamiti ne ya ɗora ku." Da wuya dattijon kirki ya ƙi wannan.

Mataki na uku: ku yi ƙuri'a a gaban kowa

Kalmar ƙuri'a kanta, kafin ta koma nufin takardar da ake jefawa a akwati, sunan wannan aikin ne: a bar wa rabo abin da mutane suka yi daidai a haƙƙinsa. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, kuma aya ta 44 a Suratu Ali Imrana ta ambaci masu jefa alƙalumansu don a ga wa zai riƙe Maryam. Don haka in wani ya ce muku caca ce, kuna da amsa.

Ga yadda ake yi. Ku sa rana, aƙalla mako guda kafin zaɓe, ku gayyaci kowane ɗan takara ko wakilinsa. Ku yanka takardu daga falle ɗaya, girma ɗaya, ku rubuta lambobi da biro ɗaya, mutum ɗaya ya naɗe su duka naɗi iri ɗaya. In kuna da kwalayen ashana ko murafen kwalba iri ɗaya ku sa a ciki, ya fi, domin yatsa na gane takardar da aka matse da wadda aka sassauta. A zuba a ƙwarya ko bokiti mai zurfi, a ɗaga sama da kan mai ɗauka.

Sai dai wa zai fara ɗauka? A lissafi babu bambanci, na farko da na ƙarshe damarsu ɗaya. A zuciyar mutane kuwa akwai, na ƙarshe zai ce saura aka bar masa. Shi ya sa ake yi sau biyu: zagayen farko a fitar da wanda zai fara ɗauka, na biyu a fitar da gurbin kowa a takarda. Hukumar zaɓen Ostireliya sau biyu take yi, da ƙwallaye masu lamba da mutum a rufe da ido. Hukumar zaɓen Gana ma da ƙuri'a take raba wa jam'iyyu gurbi, ba kamar Najeriya ba inda ake bin haruffan sunan jam'iyya, abin da ya sa a 2023 Accord ce a sama, ZLP a ƙasa cikin jam'iyyu 18.

Kowace kujera a yi mata tata ƙuri'ar. Idan 'yan takara sun haɗa gungu, kada ɗauka ɗaya ta ba gungu guda saman kowace kujera. Ana gamawa sakatare ya rubuta sakamako nan take, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoton takardar a tura wa membobi.

Mataki na huɗu: in da hali, ku juya sunayen

Ƙuri'a ta cire hannun kwamiti, amma ba ta cire alfarmar ba. Har yanzu mutum ɗaya ne zai hau sama a kan dukan takardu, sa'a ce kawai ta zaɓe shi maimakon sakatare. Maganin gaske shi ne kowa ya ɗana saman daidai da kowa. Jihar Tasmaniya ta Ostireliya ta sa haka a doka a 1979, da shawarar wani ɗan majalisa Neil Robson, har yau da sunansa ake kiran tsarin. Kalifoniya kuwa takan yi ƙuri'ar haruffa ta fitar da sabuwar abacada, sannan a kujerun jiha baki ɗaya ta riƙa juya jerin cikin mazaɓunta 80.

A ce mutum huɗu ke neman ma'aji, ƙuri'a ta fitar da su haka: Musa, Zakari, Adamu, Hadiza. Wannan ita ce takarda iri na 1. A iri na 2 sai a ɗauke na sama a mai da shi ƙasa: Zakari, Adamu, Hadiza, Musa. Iri na 3: Adamu, Hadiza, Musa, Zakari. Iri na 4: Hadiza, Musa, Zakari, Adamu. Kowa ya hau sama sau ɗaya, ya sauka ƙasa sau ɗaya, ya zauna tsakiya sau biyu. In masu zaɓe 240 ne, sai a buga 60 na kowane iri, da 'yan ƙari daidai wa daida saboda waɗanda za su lalace.

Wasu sukan ce a sauƙaƙa, a buga iri biyu kawai, ɗaya daga sama ɗaya a juye. In mutum biyu ke takara ya wadatar. In sun kai uku, na tsakiya yana tsakiya a duka biyun, kuma tsakiyar jeri ba wurin arziki ba ne. Eran Dayan da Maya Bar-Hillel sun gwada da takardar abinci a 2011, suka ga abin da ke farko ko ƙarshen rukuninsa ya fi samun masu oda a kan lokacin da aka mai da shi tsakiya. Mai gidan abinci na da ikon amfani da wannan ya tura abin da ya fi masa riba, kayansa ne. Ku amana aka ba ku.

Wurin da kwamitoci ke rikicewa shi ne in an haɗa dukan kujeru a falle ɗaya. Shugaba mutum biyu, sakatare uku, ma'aji huɗu: kafin kowa ya samu rabonsa daidai sai an buga iri 12. Hanya mafi sauƙi ita ce kowace kujera da 'yar takardarta, da launinta daban, sai iri biyu, da uku, da huɗu. Ƙirga ma ta fi sauri haka.

Bayan bugawa kada ku bar su dami-dami. In aka fara raba iri na 1 har ya ƙare, masu sammako duk jeri ɗaya za su gani, in kuma mutane ba su fito duka ba, iri na 4 zai kwana a jaka. Ku zauna ku sarƙa su, 1, 2, 3, 4, 1, 2, 3, 4, a gaban wakilan 'yan takara, mai rabawa kuma ya riƙa ɗauka daga sama ba zaɓe. A ƙasan kowace takarda a sa ƙaramar lambar irinta. Lambar iri kawai, ban da lambar da za a iya bi a gano wanda ya kaɗa.

Juyawa na da tsadarta, kuma gara ku sani tun yanzu. Ɗan takara ba zai iya cewa "ku dangwala na uku" ba, alhali ga wanda bai iya karatu ba wannan ce hanyarsa. A zaɓen Gana na 2000 jam'iyyar John Kufuor ta faɗo ƙasan takarda, sai ta mai da abin taken kamfe da harshen Tuwi, ma'ana "can ƙasa", kuma ta ci. Idan akasarin membobinku ba sa karatu, ku ba kowane ɗan takara hoto da alama, tsani ko tulu ko fitila, su yi kamfe da ita, sannan ku juya. In kuma kuɗin buga hoto ya gagara, ku tsaya a ƙuri'a, jeri ɗaya, ku manna shi a ofis mako guda kowa ya haddace. Juya suna zalla a gaban wanda gurbi kaɗai ya riƙe zalunci ne da ya fi wanda ake gudu.

Mataki na biyar: fasalin takardar

Layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, fuska ɗaya, kada wani suna ya tsallaka baya. Girman rubutu ɗaya, girman hoto ɗaya. Ko a sa wa kowa laƙabinsa ko a cire wa kowa, ni dai na fi son a cire, a bar suna da inkiyar da aka san mutum da ita a kasuwa. Ku bar fili sosai tsakanin akwatunan dangwale don kada tawada ta haura. In kun ƙara ajami, ku sa shi a layi ɗaya da bokon.

Mataki na shida: abin da kunne ke ji

Duk abin da ya gabata na ido ne. Kunne akasin haka yake yi. Masu binciken jin ra'ayin jama'a sun daɗe da lura cewa idan aka miƙa wa mutum jeri a rubuce yakan karkata ga na farko, idan kuma karanta masa aka yi, na ƙarshe ne ke maƙale masa. Haka abin yake a gasa. A gasar kiɗa ta Sarauniya Elisabeth da ake yi a Beljiyam, da ƙuri'a ake fitar da ranar kowa, amma da aka bi sakamakon shekaru da dama sai aka ga waɗanda suka fito a ƙarshen mako sun fi samun matsayi mai kyau. Wändi Bruine de Bruin ta ga irin haka a 2005 a gasar waƙa ta Eurovision da ta wasan zamiya a ƙanƙara.

Saboda haka daren da 'yan takara za su gabatar da manufofinsu, a yi masa ƙuri'a daban. In kuna so ku daidaita, ku yi zagaye biyu: wanda ya buɗe jawabi shi zai rufe amsa tambayoyi. Lokaci daidai wa daida ga kowa, da mai riƙe agogo wanda ba ya jin kunyar kowa. Masu alƙalancin musabaƙa ko muhawarar makarantu ma su ɗauki wannan: a rubuta makin kowa da zarar ya sauka, a kan ma'aunin da aka amince da shi tun farko, kuma a huta tsakani.

Zaɓen ɗaga hannu da na ƙato-bayan-ƙato matsalarsu ta fi ta jeri girma, kowa na kallon inda manya suka nufa. In dole sai an yi, a karanta dukan sunaye sau biyu, na biyun a juye, kafin a ce kowa ya motsa.

Mataki na bakwai: in ta waya za a yi

Ƙuri'ar da ake buɗewa a zauren WhatsApp ba ta dace da zaɓen shugabanni ba. Jerin ɗaya ne ga kowa, ana ganin wanda ke gaba tun ana cikin yi, ana kuma ganin wanda kowa ya zaɓa. Ku bar ta ga tsayar da ranar walima. Google Forms na da wurin da ake kunnawa ya riƙa cakuɗa jerin amsoshi ga kowane mai buɗewa, amma a kowace tambaya ake kunna shi daban, don haka ku bi kujera-kujera, sannan ku gwada da wayoyi uku ko huɗu ku tabbatar jerin na sauyawa kafin ku tura.

Mataki na takwas: ƙirga

A nan juyawa ke iya cizon mai ita. Mai ƙirga da ya saba ganin Musa a sama zai ga dangwale a sama ya kira Musa, alhali takardar iri na 3 ce. Don haka a fara ware takardu iri-iri, tuli huɗu. A ƙirga kowane tuli shi kaɗai, mai kira ya ɗaga takarda ya faɗi suna da baki, ba lamba ba, wakilai na gani. A rubuta sakamakon kowane tuli, sannan a haɗa.

Wannan zai bar muku wani abu da ba ku da shi a da. Ku tara ƙuri'un da gurbin sama ya samu a dukan tuli huɗun, ko wane ne a wurin, haka na biyu da na uku da na huɗu. In gurbi ba ya komai, kowanne zai tashi da kusan 60 cikin 240. Bambancin ƙuri'a goma sama ko ƙasa na iya zama sa'a kawai a adadi ƙanƙane irin wannan, kada ku yi saurin yanke hukunci daga zaɓe ɗaya. Sakatare ya ajiye lissafin a fayil tare da takardar da aka sa wa hannu ranar ƙuri'a. A babban taro na gaba, tun ba a san masu fitowa takara ba, ku kawo ƙudurin a shigar da ƙuri'a da juyawa cikin kundin tsarin ƙungiya, da adadin kwanakin da za a yi su kafin zaɓe, da wanda zai riƙe ƙwaryar.